Sai da na faɗi gwajin lab sannan na gane sha'anin homon

Akwai wani gwaji da ake yi mana a lab wanda har yanzu in na tuna shi sai gabana ya faɗi. Ana jera maikuroskop a kan dogon tebur, kowanne da silaid ɗinsa a ƙasa, wato ɗan gilashin da aka ɗora siririn yankan nama a kai, minti ɗaya gare ka ka leƙa ka rubuta sunan naman da ka gani, a kaɗa ƙararrawa ka matsa gaba, ba komawa baya. To a wannan rana na leƙa wani silaid sai na ga ƙwayoyi cunkus, masu duhun launi, sun yi dunƙule-dunƙule, ban ko tsaya wata-wata ba na rubuta gilan ɗin yawu na gefen kunne, har ina jin daɗi wai na ci wannan. Ashe pankiriyas ne, gilan ɗin da yake kwance a bayan tumbi. Bayan an gama malam ya kira ni, ya ce zo nan ka sake leƙawa, ya ɗan murɗa silaid ɗin gefe kaɗan, sai ga wani fili mai haske-haske a tsakiyar duhun, zagayayye, kamar an ɗiga ruwa a kan zane mai rini launin ya koɗe a wurin. Ya ce "ka gani? wannan tsibirin shi ne ya raba shi da gilan ɗin yawu, kai kuma ba ka neme shi ba." Wallahi kunya ta kama ni, don wannan ɗan filin da na tsallake shi ne wurin da insulin yake fitowa.

Kafin wannan rana hadda kawai nake yi. Sunan gilan, sunan homon, aikinsa, in jera su a takarda in maimaita, jarrabawa na wucewa su bi iska. Daga baya ne da na fara zama ina kallon silaid da kyau na lura cewa ai siffar naman kanta tana faɗa maka yadda gilan ɗin yake aiki, musamman abu ɗaya: a ina yake ajiye saƙonsa, wato homon ɗin da yake aika wa sauran jiki, kuma da wane sauri yake sakinsa. Wani yana tara na watanni, wani ba ya tara komai sai kayan haɗi, wani kuma ma ba shi yake haɗawa ba, ajiya aka ba shi. In ka riƙe wannan to rabin cututtukan da ake karantawa ba sai ka haddace su ba, da kansu za su zo maka.

Gilan iri biyu ne a jiki. Akwai masu bututu, irin na yawu da na gumi da na nono, su in sun haɗa abu sai su zuba shi a bututu ya tafi inda ake buƙata, baki ko fata. Akwai kuma marasa bututu, su ne ake ce wa endokirin, su ba su da hanyar kansu, cikin jini suke zubawa kai tsaye jini ya yi ta yawo da shi ko'ina, amma sel ɗin, wato ƙwayar halittar, da yake da makarɓin wannan homon ɗin ne kaɗai zai ji, sauran ko a jikinsu. Shi ya sa duk silaid ɗin endokirin da za ka duba za ka ga ƙananan hanyoyin jini sun cika shi, kusan kowane sel yana jingine da ɗaya, kuma bangon waɗannan hanyoyin akwai 'yan ƙananan ƙofofi a jikinsa don homon ya shige ba wahala. Wani Bajamushe, Arnold Berthold, shi ya fara nuna wannan a 1849 da zakaru. Ya fiɗiye su, suka daina cara, suka daina faɗa, zankonsu bai girma ba, sai ya ɗauki marainan ya dasa wa wasu a cikin ciki, wurin da ba nasu ba ne sam, kuma waɗannan suka tashi zakaru sosai suna cara suna bin kaji. Da ya buɗe su ya tarar marainan sun kama, jini na shiga, amma babu jijiyar saƙo ko ɗaya da ta haɗa su da jiki. Ke nan ta jini abin yake tafiya. Ita kalmar homon kuwa sai a 1905 Ernest Starling ya fara amfani da ita a Landan, daga wata kalmar Girkanci mai nufin zaburarwa ko tayar da abu, bayan shi da abokin aikinsa Bayliss sun gano sikiritin, wani homon na hanji, a 1902.

Bari in fara da tayroyid don shi ne ya fi kowa kyau a madubin maikuroskop, ba na jin akwai ɗalibin da zai gan shi ya manta. Yana gaban wuya, ƙasan wannan ƙullutun maƙogwaro, ɓari biyu hagu da dama da wata 'yar gada a tsakiya ta haɗa su, siffarsa kamar malam-buɗe-littafi ya sauka a kan maƙogwaro, nauyinsa bai wuce giram 15 zuwa 25 ba. In ka yanka shi ka rina ka duba sai ka ga zagaye-zagaye birjik, manya da ƙanana, kowanne layin sel ɗaya ne ya kewaye shi kamar ginin bakin rijiya, ciki kuma cike da wani abu mai santsi launin hoda. Wannan abin shi ake kira koloyid, furotin ne mai suna tayrogulobulin wanda aka lilliƙa wa aidin, kuma a jikinsa homon ɗin yake a ɗaure yana jira. Abin mamakin shi ne a wajen sel ake ajiyar, ba a cikinsa ba, kuma rumbun yana iya ɗaukar mutum wata 2 zuwa 3 ko da an daina haɗa sabo. Babu wani gilan a jiki da yake irin wannan tanadin. Kuma akwai dalili, aidin ba kullum yake samuwa ba, babban mutum yana buƙatar maikurogiram 150 ne kacal a rana, mai ciki kusan 250, amma akwai yankuna a duniya, musamman na tsaunuka da masu nisa da teku, da ƙasarsu ba ta da shi, to jiki ya koyi in ya samu ya ɓoye.

Abin da ya fi burge ni shi ne kana iya gane ko gilan ɗin yana hutawa ko yana aiki daga tsayin sel ɗin kawai. In yana hutawa sel ɗin sun kwanta sun yi faɗi, rumbun ya cika taf, gefensa sumul. In yana aiki tuƙuru sai su miƙe su yi tsayi, koloyid ya ragu, kuma gefensa ya yi gatsa-gatsa kamar ɓera ya gaigaye shi, don sel ɗin suna ɗibarsa suna yanko homon suna turawa jini. Homon biyu ne, T4 mai aidin huɗu da T3 mai uku, T4 ya fi yawa amma T3 ya fi ƙarfi, kuma yawancin T3 ɗin a hanta da sauran sassa ake yinsa ta hanyar cire wa T4 aidin ɗaya. Aikinsu saita saurin da jiki yake ƙona makamashi. In sun yi yawa mutum ya yi ta cin abinci yana ramewa, gumi, zuciya na dukan tara-tara, hannu na rawa, ba barci. In sun yi ƙaranci sai kasala, jin sanyi, fata ta bushe, ciki ya ɗaure, tunani ya yi nauyi, kuma saboda wancan rumbun abin a hankali yake zuwa, mutum zai yi watanni yana cewa gajiya ce kawai. Shi ya sa ma in an ɗora mutum a kan magani ko an canza masa adadi ba a maimaita gwajin jini sai bayan kamar mako 6, T4 yana daɗewa a jini, sai ya yi kusan kwana 7 kafin rabinsa ya tafi.

Maƙoƙo kuma da kowa ya sani, mafi yawansa a duniya daga ƙarancin aidin ne, gilan ɗin ya kasa haɗa homon, daga sama ana ta matsa masa lamba, shi kuma ya yi ta girma yana ƙoƙari a banza. Gishiri mai aidin shi ya rage wannan a ƙasashe da yawa. Wani ɗan abin dariya: tayroyid ba a wuya yake farawa ba, a gindin harshe yake tsirowa tun ɗan tayi yana 'yan makonni, sannan ya gangaro, kuma wani lokaci hanyar da ya bi ba ta rufewa sai ta bar ɗan ƙullutu a tsakiyar wuya, in yaron ya zaro harshe sai ka ga ƙullutun ya yi sama. A tsakanin waɗancan zagayen kuma akwai wasu sel masu haske, ana ce musu sel C, suna yin kalsitonin, amma gaskiya a jikin ɗan Adam aikinsa bai taka kara ya karya ba, ana cire tayroyid gaba ɗaya kalsiyam bai damu da rashinsa ba.

Wanda kalsiyam ya damu da shi yana maƙale a bayan tayroyid ɗin, su huɗu galibi, kowanne milgiram 30 zuwa 50, ƙanana har likitan tiyata yana iya ɗaukarsu kitse. Paratayroyid. A jikin karkanda aka fara ganinsu, Richard Owen ne ya lura da su lokacin da yake feɗe wata da ta mutu a gidan zu na Landan, sai a 1880 wani ɗalibi ɗan Suwidin, Ivar Sandström, ya bayyana su a jikin mutum. Silaid ɗinsu ba shi da wani ado, ƙananan sel ne cunkushe da ɗan kitse a tsakani. Amma a cire su bisa kuskure yayin aikin maƙoƙo a ga abin da zai faru, kalsiyam na jini ya faɗi, leɓe da yatsu su fara wani irin zuuu, hannu ya ƙanƙame, in ba a kula ba har maƙogwaro ya shaƙe. Su ba ruwansu da umarni daga ƙwaƙwalwa, da kansu suke ɗanɗana jini, kalsiyam na yin ƙasa su saki homon, a ɗebo daga ƙashi, ƙoda ta riƙe wanda zai fita, a kunna bitamin D don hanji ya ƙara tsotsa. Ga kuma jijiyar murya da take wucewa daf da wurin, shi ya sa aikin tayroyid sai mai natsuwa. Theodor Kocher na birnin Ban a Suwizalan shi ya gyara wannan aikin har aka ba shi kyautar Nobel a 1909, kuma shi da kansa ya ba da rahoto a 1883 cewa waɗanda ya cire wa gilan ɗin duka sun koma masu kasala da nauyin kai.

To yanzu kishiyar tayroyid, wato adirenal. Biyu ne, kowanne zaune a kan ƙoda kamar hula, na dama mai kusurwa uku, na hagu kamar jinjirin wata, giram 4 zuwa 5 kowanne. In ka tsaga shi za ka ga ɓawo mai ruwan ɗorawa da ciki mai duhu, kuma maganar gaskiya waɗannan gilan biyu ne daban aka cusa a riga ɗaya, asalinsu ma a jikin ɗan tayi ba ɗaya ba ne. Ɓawon hawa uku ne. Na waje sel ɗinsa sun yi 'yan dunƙule, suna yin aldosteron mai sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta fitar da fotashiyam, wato yana da hannu a hawan jini. Na tsakiya shi ne mafi kauri, sel ɗin sun jeru a dogayen layuka kamar an zuba igiyoyi, su ke yin kotizol. Na ciki kuma kamar raga, yana yin wasu homon na maza marasa ƙarfi, waɗanda a jikin mace su ke da alhakin gashin hamata da na mara.

Kalli na tsakiyar nan da kyau a madubi, sel ɗin kamar kumfa suke, cike da 'yan ramuka farare. Ramukan nan kitse ne, kolestarol, wanda sinadaran da ake wanke nama da su suka narkar suka bar gurbinsa. Kuma ga inda maganar take: kotizol daga kolestarol ake ƙera shi, abu ne mai narkewa a mai, bangon sel ba ya iya tsare shi, ana haɗa shi ya sulale ya fita. Saboda haka ɓawon adirenal ba ya iya tara homon ko na rana ɗaya, kayan haɗi kawai yake tarawa, in an buƙata a yi a take. Tayroyid yana da na wata uku, shi wannan ba shi da na gobe. Shi ya sa in adirenal ya tsaya cak ba a maganar watanni, cikin kwanaki ko ma sa'o'i jini ya faɗi, amai, suga ya yi ƙasa, mutum ya tafi. Thomas Addison ya bayyana nau'in da yake zuwa a hankali a 1855, mutum ya rame ya yi laushi fatarsa ta ƙara duhu har cikin baki da layukan tafin hannu. Kotizol kuma yana da agogonsa, ya fi yawa da sassafe ya yi ƙasa wajen tsakar dare, don haka in likita ya ce a ɗauki jinin da ƙarfe 8 na safe ba iyayi ba ne.

Cikin adirenal kuwa wani abu ne daban, asalinsa sel ɗin jijiya ne da ba su fitar da dogon hannu ba, sai suka koma zuba saƙonsu a jini. Suna cike da 'yan jakunkuna na adirenalin, kusan kashi 80 cikin 100, sauran noradirenalin, a ɗure a shirye, kuma jijiya ce take zuwa musu kai tsaye daga laka. Mota ta taho maka ba zato, kafin ka gama tunani zuciya ta buga, baki ya bushe, ido ya buɗe, suga ya kwararo jini, to su ne. Cikin daƙiƙa ake saki kuma cikin 'yan mintuna ya ɓace. Na daɗe ina tambayar kaina me ya haɗa waɗannan biyun a wuri ɗaya, ashe jini daga ɓawo yake bi ya ratsa cikin, ɗauke da kotizol mai kauri, kuma wannan kotizol ɗin ne yake kunna sinadarin da yake maida noradirenalin zuwa adirenalin. Maƙwabtakar ba ta banza ba ce.

Sai pituwitari, wanda littattafai suke so su kira shugaban gilan, ni dai ban cika yarda da wannan kirarin ba don shi ma ɗan aike ne, haifotalamas, wani ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke samansa, shi ke ba shi umarni. Nauyinsa kusan rabin giram, yana rataye a ƙasan ƙwaƙwalwa da wani ɗan siririn mariƙi, zaune a wani gurbi na ƙashi da aka sa wa suna sirdin Turkawa, kuma in ka ga ƙoƙon kai a buɗe za ka yarda, sak sirdi. Shi ma biyu ne a haɗe. Na gaba daga rufin bakin ɗan tayi ya tsiro ya yi sama, na baya daga ƙwaƙwalwa ya gangaro, suka haɗu a tsakiya. A silaid ko ba a gaya maka ba za ka ga iyakar. Na gaba kala-kala ne, wasu sel jajaye, wasu shuɗi zuwa shunayya, wasu kuma sun ƙi karɓar rini. Jajayen su ke yin homon na girma da purolaktin mai kawo ruwan nono, shuɗayen su ke yin TSH mai tayar da tayroyid, da ACTH mai tayar da ɓawon adirenal, da FSH da LH masu tafiyar da ƙwan mace da marainan namiji. Umarnin da yake zuwa musu ta wata gajeriyar hanyar jini ta musamman yake zuwa, daga haifotalamas kai tsaye ba tare da zagayawa ta zuciya ba, don kada ɗan mitsitsin saƙon ya narke a cikin lita 5 na jini.

Na baya kuma in ka duba sai ka ce ai wannan ba gilan ba ne, fari fat, zare-zare kawai. Kuma da gaskiyarka, ba ya haɗa komai. Ƙarshen jijiyoyi ne da suka taho daga haifotalamas, can sama ake haɗa oksitosin da ADH, su gangaro ta cikin jijiyar a tara su a wasu kumburi-kumburi da ake gani a silaid, in lokaci ya yi a saki. Oksitosin shi ke matse mahaifa lokacin naƙuda kuma shi ke tunkuɗo nono in jariri ya kama, wani lokaci kukan jaririn kaɗai ya isa. ADH kuma shi ke ce wa ƙoda ta maido da ruwa. Ƙoda tana tace kusan lita 180 a rana amma fitsarin da ke fita lita 1 zuwa 2 ne, in babu ADH mutum yana iya yin lita 10 ko fiye, fari kamar ruwa, ƙishi ba dare ba rana, a gwada suga a ga lafiya lau.

Wurin zamansa ma kaɗai yana bayyana cututtuka biyu. Sirdin nan ƙashi ne ta ƙasa da gefe-gefe, in ƙari ya fito a pituwitari hanyar da ta fi masa sauƙi sama ce, kuma daidai saman nan ne jijiyoyin ido biyu suke gittawa, sai ya danne tsakiyarsu, mutum ya rasa ganin gefe na waje a ido biyun, ya riƙa bangaje ƙofa da kafaɗa bai san dalili ba. Na biyun ya fi taɓa ni. Lokacin ciki pituwitari yana ƙara girma saboda sel masu purolaktin suna yawaita, amma jinin da ke zuwa wa ɓangaren gaba mai raunin matsi ne. In mace ta zubar da jini sosai wajen haihuwa jininta ya faɗi, wannan ɓangaren yana iya mutuwa. Ta tashi lafiya a ido, amma nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, gashin hamata ya zube, kasala ta yi ta ƙaruwa, wani lokaci sai an shekara da shekaru kafin wani ya haɗa wannan da waccan haihuwar. Harold Sheehan ya bayyana shi a 1937. Homon na girma kuma in ya yi yawa kafin ƙashi ya rufe sai tsayi, kamar Robert Wadlow na Amurka da ya kai mita 2.72 ya rasu a 1940 yana shekara 22, in bayan ƙashi ya rufe ne sai dai hannu da ƙafa da haɓa su yi ta faɗi, zobe ya daina shiga, takalmi ya matse.

Akwai abu ɗaya da yake rikita mutane in sun karɓo sakamakon gwaji, su ga TSH ya hau sai su ɗauka tayroyid ɗinsu ne ya yi yawa. Akasin haka ne galibi. Pituwitari yana ɗanɗana jini, in ya ji homon ɗin tayroyid ya yi kaɗan sai ya ɗaga murya, in ya ji ya yi yawa sai ya yi shiru. TSH mai yawa ihu ne ga gilan ɗin da ya gaza. Kuma wannan tsarin ne ya sa magunguna irin su deksametason da furedinisolon suke da haɗari ga mai shansu ba bisa ƙa'ida ba, ko mai shafa mai ƙarfinsu a fata tsawon lokaci. Jiki yana ganinsu kamar kotizol, pituwitari ya ce to an ƙoshi ya daina turo ACTH, ɓawon adirenal ya zauna ba aiki har ya shanye ya yi siriri. Ranar da mutum ya yanke maganin farat ɗaya babu mai karɓar aikin, kuma ka tuna ba shi da ajiya. Dalilin da ya sa ake rage su sannu-sannu ke nan, kuma fuskar da take cika ta yi zagaye a kan waɗannan magunguna ba ƙiba ce ta lafiya ba.

In koma kan tsibiran da suka kayar da ni. Paul Langerhans yana ɗalibi a Balin ya gan su a 1869, bai san aikinsu ba, kawai ya rubuta cewa ga wasu sel nan daban. A 1889 Minkowski da von Mering suka cire wa kare pankiriyas ya kamu da ciwon suga, sai a 1921 Banting da Best suka fitar da insulin a Toronto, a Janairun 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurarsa ya farfaɗo. Tsibiran kusan miliyan ɗaya ne a warwatse, amma duka-duka kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne na pankiriyas, sauran naman ruwan narkar da abinci yake yi yana zubawa a hanji ta bututu, shi ya sa ya yi min kama da gilan ɗin yawu. A cikin kowane tsibiri sel masu suna bita su ne mafi yawa, su ke yin insulin mai shigar da suga cikin tsoka da kitse, alfa suna yin gulukagon mai sa hanta ta sako suga in an daɗe ba a ci ba, delta kuma suna taka wa duka biyun birki. A rinin da aka saba ba za ka iya raba su ba, duk haske ɗaya suke, sai an yi rini na musamman. Ciwon suga nau'i na ɗaya garkuwar jiki ce take bi ta kashe bita kaɗai ta bar maƙwabtansu, nau'i na biyu kuma insulin ɗin yana nan amma jiki ya daina saurarensa, bita su yi ta ƙara ƙoƙari shekara da shekaru har su gaji.

Marainan namiji da ƙwan mace ba zan daɗe a kansu ba, suna buƙatar nasu rubutun. A maraina dai testosteron ba daga bututun da ake yin maniyyi yake fitowa ba, daga wasu sel ne da suke zaune a 'yan lungunan da ke tsakanin bututun, su ma da ɗigon kitse a cikinsu kamar na adirenal don sana'arsu ɗaya ce. A wajen mace kuma jakar da ƙwai ya fashe ya fita daga cikinta ita ce take rikiɗa ta zama gilan na wucin gadi mai launin rawaya, ta yi purojesteron kamar kwana 14, in ciki bai shiga ba ta shanye al'ada ta zo, wata mai zuwa a gina sabuwa. Ƙoda ma tana yin homon mai sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, zuciya tana yin nata, hanji yana yi, har kitsen jiki an gano a 1994 yana fitar da wani homon mai suna leftin.

Akwai kuma wani ɗan ƙarami a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, finiyal, mai yin melatonin, homon mai saita lokacin barci, in duhu ya yi, labarin haske daga ido yake zuwa masa, wanda ya kwana yana kallon waya shi yake ruɗawa. René Descartes ya taɓa cewa nan ne mazaunin rai. A gwajin lab na gaba shi aka sa min, na leƙa na ga wasu dunƙulallun tsakuwoyi masu zobe-zobe, shunayya mai duhu, a watse cikin naman, kalsiyam ne yake taruwa a wurin da shekaru har yana fitowa a hoton kai, sunansa ma a littafi yashin ƙwaƙwalwa. Wannan karon sai da na zagaya silaid ɗin gaba ɗaya, kusurwa zuwa kusurwa, ƙararrawa na kaɗawa ina rubuta harafin ƙarshe.